Hanyar da Inna Za Ta Iya Bi

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta, ya ba akuya kofato, ya ba tsuntsu fiffike, ya bar ɗan Adam da gwiwoyi biyu masu tsufa. Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ji yadda na nemi hanya guda a jikin dutse guda har na kusa zaucewa.

Sunana Nomau, ko da yake tun da aka haife ni ban taɓa kai kunya ɗaya ƙarshen gona ba. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na bar gida. Na bi fatake, na bi masu jiragen ruwa, na ga ƙasar da ake gina ɗaki da gishiri, na ga birnin da mutanensa ke zama a kan bishiyoyi saboda ƙasarsu tana motsi. Shekara ashirin da shida ina yawo. In na leƙo gida, kafin kwana bakwai tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi.

Garinmu Tungar Bauna yana bakin Gulbin Sarai, kuma gulbin nan ya sa mu a gaba. Kowace damina sai ya gutsiri unguwa guda ya tafi da ita. A shekarar da nake ba ku labari, na dawo na tarar ya cinye marina da tsohon masallaci, saura taku arba'in ya iso katangar mahaifiyata. Dattawa suka yanke shawarar ƙaura. Can gabas, tafiyar kwana goma sha biyu, akwai Dutsen Kumbulai. An ce a kansa akwai fili mai faɗin tafiyar yini biyu, ga ruwa ga ciyawa, mutanensa kuma ba su da yawa, har sun aiko cewa duk mai son zama ya zo. Samari suka ce ko da dutsen tsaye yake kamar bango za su hau. Tsofaffi kuwa, aka ce a kwando ake sa su a ja su sama da igiya, kamar yadda ake jan hatsi.

Mahaifiyata, Inna Yalwa, tana zaune tana kaɗi maganar ta iso mata. Ta ajiye mazari ta kira ni.

Ta ce, "Nomau, ka ji abin da suke faɗi? Kwando! Ni Yalwa, da na haifi tara na binne biyar, a sa ni a kwando kamar kazar kasuwa, ƙartai suna ja suna dariya?"

Na ce, "Inna, ai ba wanda zai yi dariya."

"Rufe mini baki. Da ƙafata na shigo garin nan, da ƙafata zan bar shi. In ba haka ba gulbi ya zo ya same ni a kan tabarmata. Kai da kake cika mana kunne cewa ka san duniya, tashi ka nemo mini hanyar da zan taka. In babu, kar ka dawo kana yi mini 'yan kame-kame."

Na san halin Inna. In ta ce za ta zauna, ko ruwa ya kawo mata wuya tana zaune. Gwiwoyinta kuwa, in za ta miƙe sai ta dafa bango, kuma daga zaure ana jin ƙararsu. Damina saura wata biyu da 'yan kwanaki. Kashegari na saɓi jakata na nufi gabas, ina ce wa kaina in na isa wannan aikin mako guda ne.

Tun saura tafiyar kwana uku na fara hango dutsen. Baƙi ne wuluk, tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar turmin da aka kife. Da na iso gindinsa na ɗaga kai sai hulata ta faɗi. Ungulaye ma a ƙugunsa suke shawagi, ba sa kai wa kansa. Ba gangare, ba tudu mai sauƙi, daga ƙasa sai bango.

A gindin dutsen ta gabas akwai ƙauyen 'yan igiya, su ne masu hawa da mutane da kaya. Shugabansu shi ne Sarkin Igiya Tunau, wani gajere mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙasan ƙafa. Duk inda ya sa ƙafa mutanensa suna biye da shi. Ya tarbe ni hannu bibbiyu, aka shimfiɗa mini buzu, jama'a suka kewaye mu.

Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata tsohuwa ce, ba ta yarda da kwando ba. Abin da ya kawo ni shi ne in roƙi..."

Ban rufe baki ba sai na ji dunƙulen saƙar zuma a cikinsa. Tunau ne ya cusa mini da hannunsa, yana cewa, "Ci, baƙo, ci! A nan ba a magana da yunwa. Gobe da sassafe zan kai ka Goshi."

Na haɗiye zuma, na ce a raina wata al'ada ce ta karɓar baƙi, na ga waɗanda suka fi wannan.

Goshi shi ne fuskar dutsen ta gabas, sumul kamar an goge ta. Kakanninsu sun kafa turakun icen ƙirya ɗari shida a jikinta, daga wannan zuwa wancan kamu uku. Dole a gama hawa kafin rana ta take, domin in ta take dutsen yana zafin da zai gasa ƙwai. Muka fara hawa, Tunau a gaba, ni a tsakiya, mutanensa huɗu a baya. Tun a turke na hamsin na san ba nan Inna za ta bi ba, na ɗaga murya na gaya masa. Ya ce iska ta hana shi ji.

A turke na ɗari huɗu da 'yan kai muka tarar babu turaku bakwai a jere. Wai wasu fararen hankaki ne ke zare su suna kai wa sheƙa. Na duba ƙasa, ƙauyen ya zama kamar zubin wake a faifai, jiri ya ɗebe ni. Tunau bai ko damu ba. Ya buɗe jakar da ke bayansa ya ciro wani ƙaton damo, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sake shi a jikin dutsen. Damon ya haura a guje ya shige wani rami can sama, ya kumbura jikinsa ya toshe. Tunau ya ja igiyar sau biyu, ya miƙo mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, damo ne fa ke riƙe da ita."

Ya ce, "Shekara tara yana aiki, sau ɗaya ya taɓa saki."

Ban tambayi wanda ke jikin igiyar a ranar ba. Na yi kalmar shahada na kama. Da na isa sama na kwanta rub da ciki na daɗe ban motsa ba, sannan na ɗago na ga ƙasar. Ba a yi mana ƙarya ba. Ciyawa har gwiwa, ƙorama tana gudu, ƙasa baƙa mai laushi. Ni da ba manomi ba sai da na damƙa na shinshina.

Da aka zo sauka, ƙafafuna suka ƙi. Sai aka sa ni a kwando tare da tulunan man shanu. Kwandon yana juyi, ina riƙe da bakinsa, gwiwoyina a haɓata, na sama suna waƙa, na ƙasa suna nuna ni da yatsa. Wata mata ta tambaya ko man ya iso lafiya, ba ta ko dube ni ba. A ranar na daina ganin laifin Inna.

Da na huta na koma gaban Tunau. Na ce, "Ranka ya daɗe, Goshi hanyar maza ce, na gani na yaba. Amma ni abin da nake nema..." Nan take wani ya fashe da tari, wani ya kama shi, mata suka rangaɗa guɗa ba biki ba suna, wani kuma ya ɗauko ganga. Tunau ya dafa kafaɗata ya yi mini ihu a kunne cewa jibi sai Tsaga.

Tsaga tana arewa, inda rana ba ta taɓa leƙawa. Dutsen ya rabe tun daga ƙasa har sama, faɗin rabewar bai wuce mutum ya zauna ya miƙe ƙafa ba. Ana jingina baya da wannan bango, a tokare ƙafa da wancan, a yi ta turawa sama kaɗan-kaɗan. Ruwa mai sanyin ƙanƙara yana ɗiga a ka, gansakuka ta sa ko'ina santsi. Na so in ƙi zuwa, sai na tuna wataƙila a ciki akwai wani lungu mai matakala da ba su faɗa ba, don haka na bi su.

Babu lungu, babu matakala. Abin da ke ciki ƙudan zuma ne, manya kamar ɗan yatsa, sun yi gida a daidai rabin hanya. 'Yan igiya sun shafe jikinsu da wani ganye tun daga gida, ba wanda ya tuna da baƙo. Suka wuce salin-alin, ni kuwa da na iso sai rundunar ta taso. Ba dama in saki ƙafa, ba dama in gudu. Na warware rawanina da hannu ɗaya, na ƙyasta ƙyastu na cinna masa wuta, da yake ya jiƙe sai ya yi ta tuƙa hayaƙi. Na riƙe shi a haƙora ina turawa sama, ina tari, hawaye na zuba, gemuna na ƙauri. Haka na fita, rawanin da na sayo a ƙasar gishiri ya zama toka, fatar bayana kuma na bar wa Tsaga ita.

Kwana tara na yi ina kwance rub da ciki. Tunau da kansa ke zuwa yana shafa mini magani, da jama'arsa a bayansa, yana yi mini sannu da fuskar tausayi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Amma mutum ya ciyar da kai, ya yi jinyarka, in ka buɗe baki kuma ya toshe shi da zuma! Ina kwance ina ƙirga kwanaki a yatsa, kullum da yamma gabas tana ƙara duhu.

Da na miƙe na same shi da fushina. Na ce, "Tunau, yau ko naman sa za ka cusa mini sai na faɗi abin da ke bakina."

Ya kama hannuwana biyu, na ga goshinsa yana tsatstsafo da gumi. Ya ce, "Don girman Allah, ɗan'uwa, ka bari sai ka ga Bayan Wuƙa. Ita kaɗai ta rage. In ka gan ta sai ka koma gida ka lallashi tsohuwa."

Bayan Wuƙa tana yamma. Wani doron dutse ne da ya taso daga fili ya jingina da Kumbulai, tsawonsa tafiyar rabin yini, kaurin samansa bai fi bayan jaki ba, hagu rami dama rami. Ba a tafiya a kai, zama ake yi kamar an hau dabba, a yi ta jan gindi. Da azahar kuma wata iska takan taso daga kudu wadda ke ɗauke mutum ɗungurungum. Saboda ita 'yan igiya ke ɗaure ƙafar wando su cika shi da duwatsu. Ni wandona na birni ne, sakakke mai laushi, da na zuba duwatsu sai ya yage suka zube. Iska ta taso, ta fara ɗaga ni. Na fizge jakar Tunau, wadda damon nan ke ciki, na rungume ta a ciki na kwanta a kanta, nauyinsa ya riƙe ni. Takalmana dai sun tafi, ina jin har yau ba su sauka ba.

Ina kwance a haka, kuncina a kan dutse, sai idona ya faɗa kan fuskar Kumbulai ta kudu, wadda ba a taɓa kai ni ba. Na ga wani siririn layi yana tafiya hagu, ya juyo dama, ya koma hagu, tun daga ƙasa har sama, a kwance, ba tsaye ba. Na ƙura ido. Matakala ce. Har da 'yan rumfunan dutse a wasu kusurwoyin.

Na yi ihu, "Tunau! Mece ce waccan?"

Ya kau da kai ya dubi arewa. Mutanensa huɗu suka dubi arewa. Sai ya kama rera waƙar jan igiya da iyakar ƙarfinsa, suka amsa. Wallahi da ba don hannuwana biyu suna riƙe da damo ba, da na shaƙe shi a wurin mu faɗa tare. Kwana ashirin da ɗaya ina zubar da fata da gemu a jikin dutsen nan, ashe hanya tana nan a bayan ɗaki.

Kashegari ban gaya wa kowa ba, na zagaya kudu ni kaɗai, ba takalmi. Na sami bakin matakalar a bayan wata ƙatuwar bishiyar gawasa. Faɗinta ya isa mutum biyu su jera, tsayin kowane taki bai fi tafin hannu ba, kai ka ce don Inna aka sassaƙa ta. Sai dai ƙananan tsakuwa masu sulɓi sun rufe ta, wani wurin har idon sawu. Na ce wannan ai ba komai ba ne, na hau. A taki na talatin tsakuwar ta gudu da ni. Na dawo ƙasa a zaune, da gudu, na tsaya a ƙofar wata bukka, a gaban wata tsohuwa da ke tsinke zogale.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne baƙon da ya ƙone rawaninsa? Sannu. Ka sauko da sauri."

Sunanta Hakama. Ta ba ni ruwa, ta leƙa hagu da dama ta tabbatar mu biyu ne, sannan ta zauna ta warware mini abin da ya kusa haukata ni.

Ta ce, "Wannan ita ce Hanyar Shara. Lanƙwasa arba'in da ɗaya ce. Makaho ma yana binta, in an share. Amma dutsen nan kullum cikin zubar da tsakuwa yake ta wannan gefen, in aka yi mako ba a share ba ta zama abin da ka gani. Mai shara yana hawa kwana uku yana sharewa, ya sauko kwana uku yana sharewa, ya huta ran Juma'a, ya sake. Mijina shekara talatin da ɗaya yana yi. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa."

Na ce, "To don me ba a sa wani ba?"

"Wa zai yarda? A da, baƙi ne ke zuwa su ce a buɗe musu, a buɗe, su wuce abinsu, a bar 'ya'yanmu da tsintsiya. Sai kakanni suka kafa doka. Duk wanda ya buɗe baki ya roƙi hanyar nan a gaban mutum uku, an ba shi, amma shi zai riƙe tsintsiyar har ya mutu. Ba ya kwana nesa da dutsen. Mijina saboda uwarsa ya roƙa, yana saurayi."

Can na ce, "Shi Tunau bakinsa ciwo yake, da ba zai gaya mini ba?"

Ta yi dariya har da buga cinya. "Sarkin Igiya yana rantsuwa ba zai ambaci hanyar nan ba muddin ransa. Kuma ka taɓa ganinsa shi kaɗai? Ko bayan gari zai zaga sai an raka shi. Yaro, mutumin nan ceton ka yake yi. Ya ce wa matarsa bai taɓa ganin mai son duniya irinka ba, ba zai bari ka ɗaure kanka a gidansa ba. Zumar da ya ƙarar a bakinka ta shekara guda ce."

Na fita na zauna a gindin gawasar nan, raina a jagule. Na ji haushin Tunau da alherinsa, na ji haushin kakanninsu da dokarsu, na ji haushin gulbi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji haushin Inna. Tsofaffi nawa za su shiga kwando su yi shiru, sai ita? Akwai wani teku kore a ƙarshen kudu da na shekara goma ina shirin gani, an ce tsibiransa suna tafiya kamar garken shanu. Na ce a raina zan koma in ce wa Inna babu hanya. Sai na hango ta a kan tabarmarta, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, tana ci gaba da kaɗinta don kar a ce ta tsorata. Ina cikin wannan sai na ji cidar hadari daga gabas, ta farko a shekarar.

Na shiga ƙauyen 'yan igiya ana tsakar cin kasuwa. Tunau na ganin fuskata ya gane. Ya yi wa makaɗa alama, ya taho da gudu da zuma a hannu. Na kauce masa, na haye kan wani turmi, na cika ƙirjina da iska na yi ihun da ya danne gangunan.

"Ni Nomau na Tungar Bauna, ina roƙon a buɗe mini Hanyar Shara!"

Kasuwa ta yi tsit. Tunau ya tsaya da zuma tana ɗiga ta tsakanin yatsunsa, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Kai dai ba ka da kirki. Na yi iyakar yina."

Sharar farko ta gari ce, haka dokar ta ce. Suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka fara kwashe tsakuwar shekara huɗu, ni kuma aka ba ni kwana talatin in je in dawo. Na isa Tungar Bauna a kwana tara, an riga an yi ruwa biyu, gulbi yana lasar katangar Inna. Na ce mata na samo. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Ta dai tambayi inda gemuna ya tafi. Ta yarda ta hau jaki har gindin dutse, ta ce jaki ba kwando ba ne.

Kwana biyar muka yi a matakalar nan, ni da ita da sauran tsofaffin garinmu. Tana dogara sanda, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta huta, ta jawo ɗayar. In na miƙa hannu sai ta buge shi. Kowace lanƙwasa da ƙorafinta, wai wanda ya sassaƙa nan bai da ido, wai rumfar can tana warin akuya. A lanƙwasa ta talatin gwiwarta ta kumbura kamar ƙwarya, ta ɗaure ta da ɗankwali ta ci gaba. Ran na biyar da hantsi ta taka ciyawar saman Kumbulai da ƙafarta. Ta tsaya tana haki, ta dubi filin ta ce, "To, ba laifi."

A nan Tunau da dattawansa ke jiranmu, Hakama tana riƙe da wata doguwar tsintsiyar kaba mai ƙotar ice, duk ta sha hannu. Ta miƙo mini, na karɓa. Inna ta dube ni, ta dubi tsintsiyar.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na yi ta inda-inda. Hakama ce ta gaya mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Na ga fuskar Inna ta canja. Sai ta juya wajen Tunau.

Ta ce, "Kai ne babba a nan? Dokarku ta ce wanda ya roƙa. To wa ya roƙa? Wannan da kake gani ɗan aike ne. Shi ta bango ma ya hau, sau uku aka ce. Ni ce mai buƙata, ni na aiko shi. A garinku in an aiko yaro karɓo wuta, shi ake ba tukunya ya dafa?"

Dattawa suka koma gefe suka yi ta ƙus-ƙus, Tunau yana ta kaɗa hannu a tsakiyarsu. Da suka dawo ya ce, da murna a fuskarsa, maganar tsohuwa tana kan hanya. Na ce ban yarda ba. Ba wanda ya saurare ni. Inna ta fizge tsintsiyar daga hannuna.

Ta ce, "Tun kana yaro ba ka iya shara ba. Ni zan yi abin da zan iya, in ya so su riƙa ƙorafi. Kai kuma kama hanyarka. Ban haife ka don ka tsufa a jikin bango ba."

Kwana uku ina gardama da ita, kwana uku tana kora ta. Ran na huɗu da safe ta haɗa mini guzuri da hannunta, ta rako ni bakin matakala, ta sa mini albarka a gurguje kamar mai sauri. Na fara sauka. Sararin sama ya washe bayan ruwan jiya, can ƙarshen kudu ina hango wani kore-kore da ban sani ba ko tekun ne ko idona ne. Ƙirjina ya buɗe, ƙafafuna suka yi sauƙi, ba zan yi muku ƙarya ba.

A lanƙwasa ta biyu na waiwaya. Tana kan taki na huɗu daga sama. Hannu ɗaya a kan gwiwa, ɗaya da tsintsiya, ta share taki guda, ta tsaya, ta dafa bango, ta sauko da ƙafa ɗaya, ta jira ɗayar. Bayanta kuwa, inda ta riga ta share, tsakuwa ta fara sauka ɗaya-ɗaya.

Na tsine wa dutsen nan a zuciyata tun daga gindinsa har kansa, sannan na juyo na hau.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Me kuma?"

Na ce, "Gorar ruwata na manta."

Ta ce, "Ga ta nan rataye a kafaɗarka."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta goge ido da bakin zane, ta ce ƙura ce. Sannan ta miƙo mini tsintsiyar, ta zauna a kan matakala ta miƙe ƙafafunta.

Ta ce, "To fara daga lungu. Kuma ka sunkuya sosai, ba a shara a tsaye."